Taiki Huɗu Babu Shaida

Rana ba ta gama ɗagowa ba Yakaka ta fito tsakar gida da ƙwaryar kunu, ta tarar mijinta Shu'ibu ya riga ya cika taiki na huɗu da shinkafa, yana danna shi da gwiwa yana ɗaure baki. Jakuna biyu na aro suna tsaye a ƙofa.

"Maigida, ka sha kunu tukuna. Shinkafar nan ba gudu za ta yi ba."

"Ni ne nake so in rabu da ita," in ji shi yana dariya. "Biya na biyu ke nan, Yakaka. Saura kaka ɗaya Kwarin Goruba ya zama namu, mu kaɗai! Wannan da ke cikinki ba zai tashi da ƙarnin kifi a jiki kamar ubansa ba."

"Wa ya ce maka ina ƙin ƙarnin kifi? Da ina ƙi ai da ban biyo ka ba."

"Shi ya sa nake tausayinki."

Ta jefe shi da ludayi, ya cafe, suka yi dariya.

Ga yadda maganar take, don kada kowa ya ruɗe. Shu'ibu ɗan masunta ne a wani ƙauye na bakin kogi, tsakanin Haɗejiya da Guri. Ubansa bai bar masa ko taku ɗaya na ƙasa ba, sai goran iyo da koma. Yakaka kuwa 'yar Umara ce, mutumin da kakanninsa suka zo daga wajen Barno, mai gonaki a tudu da fadama. A ƙarshen gonakinsa akwai wani kwari, Kwarin Goruba, da ciyawa ta cinye, ruwan kogi ba ya isa gare shi a kan lokaci, ba wanda yake kallonsa. Wannan kwarin Shu'ibu ya saya a hannun surukinsa a kan taiki goma sha biyu na shinkafa shanshera, huɗu kowace kaka har kaka uku. Aka kuma sa sharaɗi: in kaka ta wuce ba a biya ba, ciniki ya warware, abin da aka riga aka bayar ya zama ladan aron gona. A gaban Bulama Bakari, mai garin, da dattawa biyu aka ƙulla, a gabansu kuma aka yi biyan farko.

Daga nan Shu'ibu ya ɗauki fartanya ya haƙa hanyar ruwa tun daga kogi har cikin kwarin, shi kaɗai, rani guda cur. Tafin hannunsa ya tsage, Yakaka ce take shafa masa man shanu yana cije baki. Da ruwa ya shiga, wurin da aka raina ya zama fadamar da kowa ke tsayawa ya kalla.

Yakaka ta dubi taikunan, ta ce, "Ka aika wa Bulama?"

Shu'ibu ya yi kamar bai ji ba.

"Maigida, da kai nake."

"Ba zan kira kowa ba bana."

"Saboda me?"

"Ke ba ki ji abin da na ji bara ba. Wata guda ana yi mini waƙa a bakin kogi: ga mai kai wa surukinsa shaidu! Wai in ƙara da alƙali da dogari. Yanzu Baba yana kwance ba lafiya, sai in tara masa dattawa a ka ana ƙirga taiki, kamar ina jiran ya mutu? Mutumin da ya ba ni 'yarsa?"

"Ai da shaidu ya ba ka ni. Rabin gari ne suka ci goro."

"Yakaka, ki bar ni da kunyata."

Ta buɗe baki, ta ga idonsa, ta rufe. Ta ɗauka ƙauna ce ta sa ta yi shiru. Sakaci ne, nata da nasa.

Suka kora jakuna zuwa gidan Umara. Shu'ibu ya sauke taikunan a zaure, ya durƙusa ya yi gaisuwa daga nan ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ja jakunansa ya yi gaba kamar ana korarsa. Yakaka ta shiga ciki. Uwarta Fanna ta fito ta dafa taikunan ɗaya bayan ɗaya, ta kwance bakin guda ta damƙi shinkafar ta shinshina. Daga cikin ɗaki Umara ya ɗaga murya da ƙyar.

"Fanna, nawa ya kawo?"

"Huɗu, cike."

"Allah ya yi masa albarka. Ku ce masa saura kaka ɗaya."

Mata biyu ne suka ji wannan magana, babu na uku. Wata guda bayan haka Umara ya rasu.

Zarami, yayan Yakaka, yana kan hanyar Kukawa da fataucin kanwa lokacin da aka yi rasuwar. Ya iso ana sadakar arba'in, ƙafa a kumbure, ba jaki ko ɗaya. 'Yan fashi sun tare ayarinsu sun kwashe komai. Ya zauna a zauren ubansa a matsayin maigida, ga tsohuwa, ga matarsa da 'ya'ya uku, ga rumbu da ba zai kai ga damina ba. Kwana kaɗan aka fara ganinsa yana zagaya Kwarin Goruba da hannu a baya, yana auna hanyar ruwan Shu'ibu da taku.

Da cikin Yakaka ya kai wata bakwai aka mayar da ita gidan iyayenta don haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Shu'ibu ya rako ta har bakin unguwa, ya damƙa mata ƙullin busasshen kifi.

"Kada ki yi ƙiba ki manta da ni."

"Kai dai kada ka ƙona mini tukunya."

Kwana uku da zuwanta tana tankaɗe a bayan zana ta ji muryar Zarami a zaure, da ta Bulama Bakari, da ta mijinta.

Zarami ne ke cewa, "Kaka ta wuce, Bulama, ba a biya ba. Sharaɗi kai ne shaidarsa."

"Na biya!" in ji Shu'ibu. "Wallahi na biya! Taiki huɗu, a nan zauren na sauke su!"

"Shinkafa kam an kawo, ba na musu," in ji Zarami a hankali. "Wane suruki ne ba ya kawo gaisuwar kaka? Kyauta ce. In biya ne, ina shaidu? Bara ai ka kira."

Bulama ya yi ajiyar zuciya. "Shu'ibu, wa ya gani?"

"Iyalina."

"Mace ba ta yi wa mijinta shaida a kan dukiya, kai ma ka sani. Sai wa?"

Can Shu'ibu ya ce, "Iya tana nan."

Aka aika a tambayi Fanna. Tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta magana da maza. Amsar da ta aiko ita ce, ita mace ce mai takaba, ba ta san cinikin maza ba.

Yakaka ta yar da rariya ta faɗa ɗakin uwarta.

"Iya! Da hannunki kika kwance bakin taikin nan! Da kunnenki kika ji Baba ya ce saura kaka ɗaya!"

Fanna tana jan carbi, ba ta ɗago ba. "Rage murya."

"Ba zan rage ba! Tuwon da muka ci jiya ma daga ciki ne!"

"Na ce ki rage murya, Yakaka. Ke kina gidan wani, gobe za ki ɗauki ɗanki ki tafi. Shi ne zai ciyar da ni, shi ne zai sa ni a rami. Ya dawo ba ko wuri ɗaya. In na ƙaryata shi a gaban gari, da wace fuska zai ƙara fita? Mijinki yana da kogi. Yayanki ba shi da komai."

"To gaskiya fa, Iya?"

Fanna ta juya fuska ga bango. Yakaka ta zauna a bakin gadon kara ta yi kuka har cikin ya riƙa juyawa.

Ta haifi namiji. Ranar suna Shu'ibu ya aiko da rago, ya ce a sa wa yaron Umara. Da aka faɗi sunan, Fanna ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da mata suka watse. Aka yi wankan jego, aka cika kwana arba'in, gwaggon Shu'ibu ta zo da goro ɗaukar maijego. Zarami ya tare ta a zaure.

"Ki koma ki gaya masa, ƙanwata ba za ta kwana gidan mutumin da ke kiran yayanta maƙaryaci ba. Ranar da ya cire hannunsa daga Kwarin Goruba, ranar za ta koma."

"Zarami, ka ji tsoron Allah! Aure daban, gona daban!"

"A gidan nan haɗe suke."

Shu'ibu ya kai ƙara Haɗejiya. Alƙali ya nemi shaidu, babu. Aka ce ya kira surukarsa, tunda ta fita takaba, ya ce ko za a yanka shi ba zai ja uwar matarsa gaban shari'a ba. Sai alƙali ya ce to rantsuwa ta hau kan Zarami: ranar Juma'a mai zuwa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai san an biya ba, in ya rantse gona tasa ce. Zarami ya ce zai rantse.

Tun daga ranar hankalin Yakaka bai ƙara kwanciya ba. Kowa a ƙasar nan ya san ƙarshen mai dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, ba a cika shekara ana ganinsa daidai. Kuma ta san Zarami ya san an biya, don ta ji uwarsu ta gaya masa komai a ɗaki. Wannan Zaramin ne ya goya ta a wuya suka haye kogi tana 'yar shekara biyar, shi ya koya mata cin goruba ba tare da ta fasa haƙori ba. Ta dube shi yana alwalar azahar, ta kau da kai.

Ranar Laraba ta goya jariri ta ɗauki wanki ta tafi kogi da hantsi, ta zaɓi mashigin da ta san Shu'ibu yake fitowa. Ya fito daga ruwa da goransa, ya rame, haƙarƙari a waje. Da ya gan ta ya tsaya cak.

"Juyo mini shi in gani."

Ta juya baya, ya leƙa fuskar yaron, ya taɓa kumatunsa da yatsa ɗaya mai sanyi.

"Jibi ne," in ji shi. "In yana da zuciyar rantsewa, ya rantse. Allah yana gani."

"Zai rantse, Maigida."

"To shi ya sani."

"Ba shi kaɗai zai sani ba. Iya za ta sani, ni zan sani. Duk abin da ya same shi bayan nan, za a ce mijina ne ya kai shi. Kuma in ya rantse gonar ta tafi, in bai rantse ba ni ba zai sake ni in dawo ba, sai dai ka sake kai shi ƙara. Ta kowace hanya gidanmu ya mutu." Ta durƙusa a kan yashi da goyo a baya. "Ka bar masa."

Shu'ibu ya ja da baya kamar ta mare shi.

"In bar masa? Yakaka, ke ce kika shafa wa hannun nan mai! Dube shi!" Ya buɗe mata tafukansa. "Taiki takwas na kai gidanku. Rani guda ina haƙa kamar jaki. Yanzu ki ce in bar masa, don kada ƙaryarsa ta kama shi? Ke matata ce ko ƙanwarsa?"

"Duka biyun ce, ban zaɓa ba."

"To yau ki zaɓa!"

"Na zaɓa. Shi ya sa nake durƙushe a gabanka, ba a gabansa ba. Shi ba zai ji ba. Kai ne nake da shi."

Yaron ya fara kuka. Shu'ibu ya daɗe yana kallon ruwa, muƙamuƙinsa yana motsi. Ya saɓa koma, ya ɗauki gora, ya wuce. Ta zauna a nan ta wanke zane ɗaya sau uku ba ta sani ba.

Ranar Juma'a da yamma labari ya iso gari. An ce Zarami ya yi alwala, an buɗe Littafi, ya miƙa hannu, sai Shu'ibu ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta malam, na yafe rantsuwar, na bar gonar." Alƙali ya tambaye shi sau uku, sau uku ya maimaita. Washegari Zarami ya ce wa Yakaka ta haɗa kayanta, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ta koma ɗakinta, amma mijin da ta bari ba shi ta tarar ba. Shu'ibu bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba, ko sau ɗaya. Ya dai daina dariya. Ya fita kogi da safe, ya dawo ya ajiye kifi, ya ci tuwo, ya ce an gode. In zai je kasuwar Guri sai ya yi zagaye mai nisa don kada ya bi ta Kwarin Goruba. Ta gwammace ya yi faɗa. Ta yi masa danwake da man shanu, ta yi kitso sabo, ta sa yaro a cinyarsa, duk amsar ɗaya ce: an gode.

Daminar ta zo da wuya. Ruwa ya cika kogi, kifi ya bazu cikin ciyawa ba ya kamuwa, gero ya yi tsada. Yakaka ta sayar da tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta sayar da murjanin da aka yi mata na aure. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma je gidansu ta roƙi ko mudu ɗaya ba. Abin da ta lura da shi, duk ranar Juma'a Shu'ibu zai ware kifi mafi girma a cikin abin da ya samu, ko da biyu ne kacal, ya tura mata gefe.

"Na Iya."

Haka take ɗauka ta kai, mako bayan mako. Wata Juma'a ta tarar da Fanna ita kaɗai a tsakar gida. Tsohuwar ta karɓi kifin, ta dubi wuyan 'yarta, ta dubi ƙafafun yaron da suka zama kamar kara.

"Ina murjaninki?"

"Yana nan."

"Kada ki yi mini ƙarya, ni na haife ki. Wannan kifin, shi ne yake cewa ki kawo, ko ke ce kike ɗauka a ɓoye?"

"Shi ne, Iya."

"Bai taɓa cewa komai a kaina ba?"

"Yana cewa in gaishe ki."

Fanna ta ajiye kifin a ƙwarya, ta rufe fuska da gefen zane. "Wata shida ke nan ina cin kifin nan yana tsaya mini a wuya," in ji ta. Yakaka ta ɗebo ruwa ta wanke kifin, ta ɗora mata a wuta, ta goya ɗanta ta tafi.

Zarami ɗan fatauci ne, bai san fadama ba. Bai yashe hanyar ruwa ba, laka ta toshe rabinta, ya girbe abin da bai kai rabin na Shu'ibu ba. Da kaka ta wuce sai ya samo mai saye, wani dillalin shanu daga Birniwa mai suna Fannami, a kan saniya shida, don ya sami jarin komawa hanya. Shi kuwa Fannami mutum ne da ya sha ciniki. Ya ce ba zai kwance igiyar saniya ko ɗaya ba sai duk mai gado a gonar ya zo gaban Bulama ya faɗa da bakinsa.

Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Bulama da hantsi, shanu shida ɗaure a gefe. Maza a kan buzu da tabarmi, Fanna da Yakaka a baya cikin lulluɓi. Shu'ibu bai zo ba, yana kogi.

Fannami ya juyo wajen matan. "Ke 'yar marigayi, kin yarda a sayar?"

Yakaka ta ce, "Ba ni da rabo a ciki. Ko kofato ba na so."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba, amma na ji. Tsohuwa, ke fa? Ni baƙo ne, ba na son in sayi rigima. Ƙasar nan babu magana a kanta?"

Zarami ya yi saurin cewa, "Alƙali ya riga ya..."

"Da tsohuwa nake."

Fanna ta dafa kafaɗar Yakaka ta miƙe tsaye, abin da mace ba ta yi a taron maza.

"Akwai magana. Ƙasar nan ba tamu ba ce, ta Shu'ibu ce. Ya kawo taiki huɗu kakar da maigidana ya rasu, ni na kwance bakinsu. Marigayi ya tambaye ni nawa ne, na ce huɗu, ya ce saura kaka ɗaya. Biya ne, ba kyauta ba. Na gaya wa Zarami tun ranar da ya dawo. Da Bulama ya aiko na ɓoye, don ina tsoron ɗana ya kunyata. Ni ce babbar mai laifi, ku rubuta a kaina."

"Iya!" Zarami ya miƙe. "Iya, kin kashe ni!"

"Wanda ka zalunta ne ya hana ka kashe kanka a Haɗejiya. Zauna."

Wuri ya ɗauki salati. Fannami ya kwance shanunsa ya kora su hanyar Birniwa. Bulama ya dubi Zarami ya ce, "Uwarka ta faɗa. Kana musu?" Zarami ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Aka aika kogi aka kira Shu'ibu, ya zo jiƙe da ruwa, bai san abin da ake ciki ba. Bulama ya ce a gaban kowa: gona ta koma ga mai ita, kuma shinkafar da Zarami ya girba bana ta fi taiki huɗu, saboda haka ta tsaya a madadin biya na uku, ba sauran bashi. Shu'ibu ya tsaya kamar an dasa shi. Da ya gane, bai dubi Bulama ba, bai dubi Zarami ba, ya je nesa kaɗan da surukarsa ya durƙusa.

A hanyar gida yana gaba tana baya. Da suka zo mararraba, maimakon ya yi zagayen da ya saba, sai ya miƙe ta Kwarin Goruba. Ya tsaya a bakin hanyar ruwan da ta toshe, ya sa ƙafa ya tura lakar.

"Aikin wata biyu ne," in ji shi. Sannan ya ce, "Yakaka, wata da watanni ina jin haushinki. Kullum."

"Na sani."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Ni ma ina jin naka, tun ranar da na ce ka kira Bulama ka ƙi."

Ya juyo ya dube ta, sai dariya ta kuɓuce masa, ta farko a shekara, da hawaye a cikinta. Ya kwance yaron daga bayanta ya ɗora a wuya.

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Kai ma ka yafe."

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Zarami bai iya zama a garin ba. Ayari na farko da ya bi ta hanyar Kukawa ya shiga cikinsa, bai yi wa uwarsa sallama ba. Shu'ibu ne ya ci gaba da auna wa matar Zarami da 'ya'yansa hatsi daga wannan fadamar. Yakaka ta riƙa kai wa uwarta tuwo safe da yamma har shekara tara. Duk ranar da aka ji ƙararrawar jakunan fatake, Fanna takan dogara sanda ta fito zaure ta tambaya ko an ga ɗanta. Har ta koma ga Allah bai dawo ba, Shu'ibu ne ya shiga ramin ya karɓe ta.

Kwarin Goruba kuwa ya ciyar da 'ya'yansu bakwai, ba wanda ya kwana da yunwa a gidan.

To, ku 'yan mata da samari, ku buɗe kunne. Haƙurin Yakaka da na mijinta ya biya su, amma ku dubi abin da aka rasa kafin a kai can: shekara guda ta ƙunci, uwa ta mutu da ƙishin ɗanta, ƙanwa ta rasa yayanta. Duk a kan dattawa biyu da aka ji nauyin kira wata safiya. Kunyar suruki abu ce mai kyau, ku yi ta wajen gaisuwa da cin abinci. Amma in ciniki ya shiga tsakaninku da ɗan'uwa, ko ubanku ne, ku kira mutane su zauna su gani su ƙirga. Wanda kuka yarda da shi zai mutu, wanda zai gaje shi ba ku san halin da zai dawo da shi ba. In kuma an riga an cuce ku, kada ku rushe gidanku a kan gona. Ku riƙe junanku, ku ci gaba da kyautatawa, ko da zuciya tana ciwo.